Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar gular kiɗan bodhrán

Bodhrán ganga ce ta mutanen Ireland mai fuska ɗaya: fatar akuya a kan zoben katako, kusan kamannin bandirin 'yan Ƙadiriyya. Ana tsayar da ita a cinya, hannu ɗaya yana bayan fata yana dannawa don sauya amo, ɗayan kuma riƙe da 'yar gajeriyar gula, riƙon alƙalami. A wannan gular ce sababbin makaɗa suka fi zubar da kuɗi a banza.

Babban kuskure shi ne son mai nauyi. Mutum ya ɗauki gular baƙin katako mai tsauri, ya ji ta cika masa hannu, ya ce ai wannan ce. Can a da, lokacin da samari ke zagaya ƙauyuka da gangar ranar 26 ga Disamba, a fili ake kiɗan, ƙara ake nema. Amma tun da Seán Ó Riada, wani shahararren makaɗin Ireland, ya shigar da gangar cikin ƙungiyar makaɗa a shekarun 1960, wurin zamanta ya koma ɗaki, kusa da mai goge da mai sarewa, kuma su ne masu waƙar. Gula mai nauyi tana danne su. Ga kuma gajiya, don wuyan hannu ne ke yin aikin, ba dantse ba. Kafin a gama kiɗa mai sauri guda biyu hannu ya sage, bugu ya fara ja baya. A fara da mai matsakaicin nauyi. Idan aka ɗora tsakiyarta a kan yatsa, ta zauna daidai ba ta rinjaya gefe ba.

Sai kuma sayen gula ba tare da sanin salon da ake koyo ba. Salon yankin Kerry da kai biyu ake yin sa: gular tana da ƙulli a kowane ƙarshe, tsawonta wajen santimita 20 zuwa 23, ana riƙe ta a tsakiya, kan na sama ya riƙa taɓa fata yana cike bugu uku-uku a jere. Salon da John Joe Kelly na ƙungiyar Flook ya yi suna da shi kuwa kai ɗaya yake amfani da shi, da siririyar gula wadda ake riƙewa can sama. Mutum ya kalli bidiyonsa a YouTube ya sayi siririya, alhali malaminsa salon Kerry yake koya masa. Tambayi malaminka tukuna.

Gular da ake haɗowa kyauta da gangar 'yan yawon buɗe ido, ita kam a ajiye ta. Gajeriya ce, mai kauri, bakinta sau da yawa da kaushi mai karce fata. In ba wata, a goge bakin da sanfefa. In santsi ne matsalar, tana suɓucewa idan hannu ya yi gumi, a naɗa roba ko salatif a wurin riƙo maimakon a ƙara matse yatsu.

Akwai masu ɗora wa gula laifin fata. Ireland ƙasar danshi ce, fata kan saki ta yi amo luɓus; a ɗaki mai zafi kuma ta ɗame ta riƙa ƙara kamar kwano. Kafin ka sauya gula, ɗaure ko sassauta fatar da makullin daidaita ta, in kuwa ba ta da makulli, shafa mata ɗan ruwa idan ta ɗame. Shi ya sa ya fi kyau ka je da gangarka shago ka gwada a kanta, don fata mai kauri tana ɗaukar nauyin da siririya ba za ta ɗauka ba.

Gula mai bakin buroshi, wadda Johnny McDonagh na ƙungiyar De Dannan ya fito da ita, da ta tsinkayen gora da aka ɗaure wuri ɗaya, suna da daɗin ji a kiɗa mai sanyi. A ganina dai ba na mai koyo ba ne: laushinsu yana ɓoye bugun da bai faɗi daidai ba, kai da kanka ba za ka ji kuskurenka ba balle ka gyara.