Zagayen Tsibiri da Mota da Kwana a Tanti: Kurakuran da Aka Fi Yi

Kuskuren da ya fi cin mutane a irin wannan tafiya shi ne su tsara komai da agogon hannunsu, su manta teku ma yana da nasa lokacin. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan hau ya janye sau biyu a yini, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Saboda haka filin yashin da ka gani fayau da la'asar, har ka ce a nan za a yada zango, yana iya shigewa ruwa da tsakar dare. Ka nemi jadawalin hawan ruwa na wannan gaɓar, na ranar da kake ciki, ba na jiya ba. Sannan ka dubi ƙasa: akwai layin busasshiyar ciyawar ruwa da guntayen itace da teku ya bari inda ya tsaya. Ka kafa tanti can sama da shi, musamman lokacin da wata ya cika ko yake sabo, don a lokacin ne ruwa ya fi hawa.

Hanyar mota ma ba ta tsira ba. Passage du Gois, wadda ke shiga tsibirin Noirmoutier a Faransa, ta fi kilomita 4, kuma teku yana rufe ta sau biyu kullum. Haka hanyar shiga tsibirin Lindisfarne a Ingila. Duka biyun an gina musu wuraren da mutum zai hau ya tsira da ransa, motar kuwa sai dai ya kalle ta tana nutsewa. Masu faɗawa ciki galibi masu cewa "bari in yi sauri in wuce" ne.

Sai iska. Kowa yana so ya buɗe ido ya ga teku, sai a juya ƙofar tanti wajen ruwa, iska ta shiga ta kumbura shi. Ka ba iska bayan tantin, ka sa mota ta zame maka kariya. Siraran turakun da ake sayar da tanti da su ba sa kama yashi ko kaɗan. Ɗaura igiyar a jikin sanda ko buhun yashi, ka haƙa rami ka binne shi a kwance, ka tattake. Wajen ajiye mota kuma ka fuskanci iskar, ka riƙe ƙofa gam, domin a Iceland iska takan fizge ƙofa har ta lanƙwasa ta.

Idan sanyi da iska sun matsa, wasu sukan shigo da risho ko gawayi cikin tanti su zuge. Wannan ba ganganci kaɗai ba ne, kisa ne: iskar gubar da ke fita ba ta da wari, takan kashe mutum yana cikin barci. A yi girki a waje.

Hawa yashi da tayoyi cike tam ma kuskure ne. A sassauta musu iska, a kuma zo da famfon mayar da ita kafin a koma kwalta. In mota ta kafe, ƙara wuta sai dai ya ƙara binne ta. Sauka ka kwashe yashin gaban taya. Bayan tafiya a wanke ƙasan motar da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya bar maka tsatsa.

Taswira ma tana ruɗin mutane. Hanyar gaɓa kwana-kwana ce, a wurare kamar tsibirin Skye a Scotland wasu hanyoyin mota ɗaya suke ɗauka, sai an raɓe a ba juna hanya. Ka sha mai tun tanki yana rabi, ka sauke taswirar a waya kafin sabis ya ɗauke, ka cika jarkokin ruwan sha, ka kuma kama gurbin jirgin fito da wuri.

Kada kuma ka ɗauka duk inda babu kowa halal ne a kwana. Tun 2015 Iceland ta hana kwana a motar zango (motar da aka yi wa wurin kwana a ciki) a wajen sansanin da aka tanada sai da izinin mai fili. Dokar Scotland ta 2003 ta yarda a kafa tanti a fili, amma wannan damar ba ta haɗa da mota ba.