Danja, rada da na'urar auna iska: kurakuran da na gaji da gani wurin sababbin 'yan keke

Duk Asabar ɗin da za mu fita bayan sallar asuba, nakan zagaya bayan ayari in duba danjar kowa kafin mu hau kwalta. Da wuya mako ya wuce ban samu wanda ya zo da keke mai tsadar gaske ba, amma fitilar bayansa tana kallon ƙasa, ko jakar sirdi ta rufe ta ruf. Na faɗa da baki har na gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da kuskuren da ya karya mini hannu.

Rada wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙarfen sirdi, tana hango motar da ke tahowa ta baya, ta nuna maka ita a matsayin ɗigo a allon kwamfutar keke ko a waya, tare da ƙara. Kamfanin Garmin ne ya fitar da radar keke mai suna Varia a 2015, bayan ya sayi iKubu, wani ƙaramin kamfani na Afirka ta Kudu da ya fara aikin. Samfurin Varia RTL515, mai haɗe da danja, yana hango mota daga nisan mita 140. Yanzu Magene da Bryton da Trek duk suna da nasu. Abin da sabon shiga ba ya tsayawa ya fahimta shi ne yadda take aiki: tana aika igiyar rediyo, ta auna yadda ta canza bayan ta dawo. Wato abin da yake matso ka take gani. Abin hawan da ya rage gudu ya daidaita da naka, yana iya ɓacewa daga allo alhali yana nan a gindin tayarka.

Da safiyar wata rana cikin hunturu, ina kan wata hanya a bayan gari, wani mai adaidaita sahu ya taho ta bayana. Na ji ƙarar, na ga ɗigon. Ashe ya sassauta ne yana leƙen fasinja a bakin hanya, gudunmu ya zo ɗaya. Ɗigo ya ɓace, allo ya koma kore. Sai ga rami a gabana. Na karkata hagu ban waiwaya ba, a daidai lokacin da shi kuma ya taka don ya wuce. Abin da na iya tunawa shi ne ɗanɗanon ƙura a bakina, da tsintsiyar hannuna da ta ƙi motsi. Yaron ya fito jikinsa na ɓari yana cewa, "Alhaji, wallahi ba ka duba ba, kawai faɗo mini ka yi." Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya wa mutanen da suka taru su sake shi. Mako takwas na yi ban riƙe kan keke ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: in rada ta ce akwai mota, na yarda nan take, in ta ce babu, ban yarda ba sai idona ya gani. Kafin in kauce ko taku ɗaya, sai na waiwaya ta kafaɗar hagu, na miƙa hannu. In ba ka iya waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, je filin makaranta da yamma ka koya, kafin ka sayi komai. Kuma ka yi lissafin mita 140 ɗin nan. Kana gudun kilomita 30 a awa, mota tana 100, daƙiƙa bakwai ke tsakaninku. In 120 take yi, ba su kai shida ba. Motar da ke bin bayan tirela ba lallai ta fito a allo ba, kwana da tudu suna ɓoye wasu, ɗan acaɓan da ya biyo hannun da ba nasa ba kuwa ta gabanka zai ɓullo, inda rada ba ta kallo sam.

Sai fitila. Wai don me ake kashe danja da rana? Kullum amsar ita ce ana tattalin batir. Haba jama'a! Tattalin batir har ya fi tattalin rai? A birnin Odense na ƙasar Denmark an yi gwaji da masu keke sama da 3,800, aka sa wa wasu fitilar da ke ci dare da rana, aka bar wasu haka nan. Haɗarin da ke jawo rauni ya ragu da kashi 19 cikin 100 wurin masu fitilar. Can ma ke nan, inda babu hazon da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da direba ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya zo dab. Fitilar RTL515 tana kai awa 16 a yanayin walƙiyar rana, amma awa 6 kacal in tana ci ba ƙyaftawa. Ka san lissafin taka, ka sa ta a caji daren Juma'a.

Da dare kuma akasin haka ake yi: a bar ta tana walƙiya mai ƙarfi ita kaɗai. Direba zai gan ka, amma zai sha wuyar gane nisanka, domin ido yana buƙatar haske tsayayye kafin ya kimanta tazara. A Jamus doka ma ba ta yarda da fitilar keke mai walƙiya ba. Ni dai biyu nake ɗaurawa da dare, tsayayya a ƙarfen sirdi, ƙarama mai ƙyaftawa a hankali a bayan hular kwano. Wasu abokan tafiyata suna ganin ya yi yawa. Ban fasa ba.

Ku kuma masu shiga tsakiyar ayari da fitila a ƙarshen ƙarfinta, ku ji tsoron Allah. Wanda ke bayanka da taku biyu yake, kana kashe masa ido, ba ya ganin rami ba ya ganin birkinka. Yawancin fitilun nan suna da yanayin tafiyar ayari mai sauƙin haske. Danna shi.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Fitila da rada su kalli baya sak, ba ƙasa ba. Robar da ke cikin kwalinsu don gyara karkatar ƙarfen sirdi aka sako ta. Doguwar riga tana sauka ta lulluɓe danja. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashi, ka goge kafin ka fita. Ɗaura ƙyalle mai ɗaukar ido a idon sawu, domin motsin feda ne ke saurin gaya wa direba cewa mutum ne a gabansa.

Na'urar auna iska ba ta karya mini ƙashi ba, aljihu ta taɓa. Irin su Notio da AeroPod da Aerosensor ana ɗaura su ne a gaban keke, su auna iskar da ke bugowa, su haɗa da ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa da gudunka, su fitar da adadin da ake kira CdA, wato ma'aunin yadda iska ke riƙe ka da kekenka; in ya yi ƙasa, ka fi saurin keta ta. Dalilin damuwa da shi gaskiya ne: a shimfiɗaɗɗiyar hanya, in gudu ya yi sama, mafi yawan ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya, kuma in kana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da iska za ta ci zai ninku sau takwas. Jikinka ne ke tare mafi yawan iskar, ba keken ba.

Ni da na sayi tawa, da la'asar na fita gwaji, iska tana kaɗawa, motoci suna wucewa. Sau ɗaya na je da tsohuwar hula, sau ɗaya da sabuwa. Adadi ya nuna sabuwar ta fi, na saukar da kan keke ƙasa, ya ƙara nuna sauƙi, na yi odar wasu kayan a kan haka. Bayan mako biyu na maimaita, sakamako ya juye. Kuɗi sun riga sun tafi, ga ciwon wuya. Kowace tirela da ta wuce tana jan iska tare da ita, kowane taɓa birki yana shiga lissafi kamar iska ce ta riƙe ka, ga zafin rana yana canza nauyin iskar kanta. In kana da ma'aunin ƙarfi a feda, fara da hanyar lissafin Robert Chung, wadda ke kimanta CdA daga ƙarfinka da gudunka, ba ta buƙatar ƙarin na'ura, ka ga ko kana da haƙurin aikin tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu sunkuyar da kai don adadi ya yi kyau, ido a kan allo, sun bar wa rada tsaron baya, gaba kuwa ba mai tsaro. Zaman da ba za ka iya ganin mita 100 a gabanka ba, ba naka ba ne, komai kyan adadinsa.

Yanzu da sassafe nake gwaji, kafin iska ta tashi, a yanki ɗaya na hanya marar cunkoso, zuwa da dawowa. Abu ɗaya nake canzawa a rana. Iskar taya ɗaya, riga ɗaya, gorar ruwa a cike. Tsohon tsari sau uku, sabo sau uku, sannan in koma tsohon in ga ko adadin farko zai dawo. In mota ta wuce ni ko na taɓa birki, na soke wannan zagayen, in juya in koma mafari.