Taya, Zafi da Ruwan Sama: Yadda Ake Shirya Mota Kafin Doguwar Tafiya

Duk nauyin mota, da fasinja da kaya, a wuri huɗu yake zaune, kuma kowanne da kaɗan ya fi tafin hannu faɗi: inda taya ta taɓa kwalta. Birki da sitiyari da totur duk ta nan suke isa ga hanya. Shi ya sa idan tafiya mai nisa ta taso, ko yanayi ya juya, taya ake fara tsugunawa a duba kafin a ɗaga bonet.

Karanta abin da ke jikin tayar

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 205/55 R16 91V. Lambar 205 faɗin tayar ce a milimita. 55 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 113. R na nufin radiyal, ƙirar da kusan duk ƙananan motoci ke amfani da ita a yau, 16 kuwa girman rim ne a inci. Masu saye da yawa a nan suke tsayawa, da zarar taya ta shiga rim shi ke nan. Alhali abubuwa biyun ƙarshe su ne ke aiki idan mota ta yi lodi kuma rana ta take. 91 lambar nauyi ce, tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. Da 88 ce, kilo 560 za ta ɗauka. 94 kuwa kilo 670. Harafin ƙarshe shi ne gudun da aka gwada ta ta jure: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ba an ce ka yi wannan gudun ba ne. Abin lura shi ne kada ka sauka ƙasa da lambar nauyi da harafin da kamfanin motar ya rubuta. Idan motar an tsara ta da taya mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa don ƙarin nauyi, to irinta za ka mayar.

Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba: tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa a gefe da cikin zane. Manyan kamfanonin taya suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan. A inda rana ke da ƙarfi kuma mota ke kwana a waje, ba a jiran goman. Wannan ne hatsarin taya ta hannu: a ido ta yi kyau, an shafe ta da baƙi tana ƙyalli, amma ba ka san ramin da ta daka ba, ba ka san sau nawa aka ja ta babu iska ba.

Tayoyi da yawa kuma suna ɗauke da kalmar Temperature da harafi A, B ko C, tsarin da Amurka ta ƙirƙiro. A ta fi jure zafi, C ita ce ta ƙarshe. Mai yawan tafiya cikin rana ya nemi A. A Turai kuma akwai takardar da ake liƙa wa sabuwar taya, mai nuna yadda take kama hanya a jiƙe, daga A zuwa E.

Iska: nan aka fi yin kuskure

Adadin iskar da motarka ke so ba a jikin taya yake ba. Wanda ke jikin taya shi ne iyakar iskar da za ta iya ɗauka. Naka yana kan ɗan allo a jikin ƙofar direba, ko cikin murfin tankin mai, ko a littafin motar. Ƙananan motoci galibi tsakanin psi 30 zuwa 35 suke, wato kusan bar 2.1 zuwa 2.4 (psi da bar ma'aunan ƙarfin iskar taya ne), kuma allon kan ba da adadi biyu: na tafiyar yau da kullum da na cikakken lodi. Idan an cika but an cika kujeru, na biyun za a bi, musamman a baya.

A auna da sanyin safiya, ko bayan motar ta tsaya awa biyu zuwa uku. Taya idan ta yi tafiya iskar cikinta na ɗumama, geji ya nuna ƙarin psi uku ko huɗu. Wasu da sun ga haka a tsakiyar hanya sai su sassauta bawul su rage, wai kada ta fashe. Wannan shi ne kiran fashewar da hannunka. Abin da ke kashe taya cikin zafi ƙarancin iska ne. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda waya ke yin zafi idan ana ta lanƙwasa ta a hannu. Zafin na taruwa har roba ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke ciki, sai kawai a ji ƙara. Haɗa ƙarancin iska da lodi da gudu da kwaltar da ta sha rana, kwaltar da kan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ka ga an gama haɗa komai.

Lafiyayyar taya ma tana rasa kusan psi ɗaya a wata, kuma duk saukar zafi na digiri biyar zuwa shida na rage kusan wani psi ɗayan. Don haka awo na wata-wata ne, da kuma daren jajibirin tafiya ko safiyarta. Ka mallaki gejinka. Bugun taya da ƙafa ko dubanta da ido ba ya nuna komai, domin radiyal kan rasa iska mai yawa kafin ta nuna alamar kwanciya.

Abin da cinyewar taya ke faɗa

Sabuwar taya na zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. A Turai doka ta hana hawa ƙasa da 1.6, kuma a cikin kwarin zanen akwai 'yan ƙananan tudu da aka yi daidai wannan tsayin. Ranar da suka yi kai ɗaya da saman tayar, ta ƙare. Amma don ruwan sama, kada a jira wannan. Daga milimita 3 zuwa ƙasa tazarar tsayawa a jiƙaƙƙiyar hanya na ƙaruwa sosai.

Shafa tafin hannunka a kan tayar daga gefe zuwa gefe. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu ne, ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafafun ne ya goce, a kai alaimen. Idan ka ji tudu da kwari a jere, a duba shokazoba. Sitiyarin da ke rawa idan an kai wajen kilomita 100 a awa, yawanci balansin yake nema. Kumburi a gefe kuwa, ko da bai fi ƙwai ba, zaren ciki ne ya tsinke, ba shi da faci, sai canji. Hujin ƙusa ana gyara shi idan yana tsakiyar inda ke taɓa ƙasa kuma bai wuce milimita 6 ba. Na gefe ba a gyara shi, ko mai faci ya ce zai iya.

Idan biyu kawai za ka saya, a baya ake sa sababbin, ko da motar da gaba take ja. Mutane kan yi gardama a nan. Dalilin shi ne, idan gaba ya zame a kwana, kana ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa motar ta dawo. Idan baya ne ya zame, motar juyawa take yi, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. A gaba ne ko a baya, hagu da dama su zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Game da nau'i, maganar gajera ce. Wanda rayuwarsa a kwalta take ya sayi tayar kwalta. Mai manyan haƙora ta laka tana da kyan gani, amma tana ƙara, tana shan mai, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta tsayawa da wuri. Tayar sanyi, mai alamar dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, an yi ta da roba mai taushi don inda zafi ke sauka ƙasa da digiri 7. A wuri mai zafi saurin cinyewa take yi kuma birkinta na tsawo, don haka a duba wannan alamar kafin a biya.

Cikin tsananin zafi

Ruwan lagireto ana duba shi injin na sanyi. Idan allurar zafi ta fara hawa a hanya, kashe esi, kunna hita har ƙarshe domin ta ja zafi daga injin, ka nemi wurin tsayawa. Kada a buɗe murfin lagireto sai an jira aƙalla rabin awa: ruwan a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana buɗuwa zai yi tsiri a fuska. A doguwar gangara kuma a sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai iya takawa ya ji fanko, musamman idan man birkin ya wuce shekara biyu, domin yana tsotsar danshi, danshin kuma na tafasa.

Idan taya ta fashe ana gudu, ƙafa da kanta take neman birki. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, motar ta miƙe, ka saki totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai sannan ka taɓa birki ka gangara gefe.

Ruwan sama

Yayyafin farko bayan an daɗe ba ruwa ya fi mamako santsi, saboda ƙura da baƙin mai da suka taru a kwalta na haɗuwa da ruwan. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A busasshiyar hanya ana barin tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba. A jiƙe a mayar da ita huɗu. Ƙidaya take: na gaba ya wuce wani turke, ka fara lissafi har kai ma ka iso.

Aikin zanen taya shi ne korar ruwa daga ƙarƙashinta. Idan ruwan ya yi yawa, ko gudu ya yi yawa, ko zanen ya suɗe, sai tayar ta hau kan ruwan ta rabu da kwalta. Za ka ji sitiyari ya yi sako-sako a hannu, wani lokaci ƙarar injin ta tashi. Kada ka murɗa, kada ka daka birki. Ɗaga ƙafa daga totur, ka bar sitiyari a miƙe har ka ji ta sake kama ƙasa. Na'urar riƙe gudu, wadda ke tafiyar da mota a gudu ɗaya ba tare da ka taka totur ba, a kashe ta cikin ruwa. Idan dole ta sa tsayawar gaggawa kuma motar na da ABS, tsarin da ke hana taya kullewa idan an daka birki, taka birki da ƙarfi ka riƙe. Rawar da kake ji a ƙafa aikinsa ne yake yi. Gilashi idan ya yi gumi daga ciki, kunna esi ka juya iskar kansa, ka bar iskar waje ta shigo.

Ruwan da ya shafe hanya kuwa wani babi ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu na santimita 30 na iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, na 60 kuma ya ɗauki jif. Ban da haka, ba ka ganin ko kwalbati ya rufta a ƙasa. Idan ruwan mai gudu ne dai, a juya. Idan kwantacce ne, marar zurfi, kuma ka ga wata mota irin taka ta haye, shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa. Injin idan ya mutu a ciki, kada a sake tayarwa: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda sandunan fistin yake lanƙwasawa. Bayan an fito a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan ya bushe.

Hazo, ƙura da ƙanƙara

A hazo gajeren haske ake sawa, domin dogon dawowa yake yi ya kashe maka ido. Idan guguwar ƙura ce ta rufe hanya gaba ɗaya, shawarar masu kula da hanyoyi a Arizona ta Amurka ita ce a fita daga kan titin kwata-kwata, a ja birkin hannu, a kashe duk fitilu, a ɗauke ƙafa daga birki. Mai zuwa a baya jan haske yake bi, yana ɗauka hanya ce. Bayan irin wannan tafiyar a ciro filtar iska a duba. A kan ƙanƙara tazarar tsayawa na iya ninkawa har sau goma. A tashi da giya ta biyu, komai a yi shi a hankali, kuma a yi hattara da gada, ita ke fara daskarewa.

Safaya

Ita aka fi mantawa, sai ranar buƙata a ciro ta a kwance. A auna ta tare da sauran. 'Yar siririyar nan ta wucin gadi galibi psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. A tabbatar jak na ɗagawa, sufana ta yi daidai da notin, a ajiye ɗan faffaɗan katako don ƙasa mai taushi. Wajen canji, a sassauta noti tun taya na ƙasa, a ɗaga, a sa, a ɗaure su a tsallake, wannan sannan na ɗaya ɓangaren, a ƙarasa ɗaurin bayan an sauke motar. Idan an yi kamar kilomita 50 a tsaya a sake bin notin da sufana ɗaya bayan ɗaya.