Yadda ake haɗa wa mota lagireton baƙin mai, a kuma sauya wa filta mazauni

Baƙin mai ya fi yin aikinsa idan zafinsa yana tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos. Da ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, ƙarfin turinsa ya ragu, ƙarafan cikin inji su fara cin juna. Motar da ke ɗaukar kaya fiye da kima a watan Afrilu, ko mai doguwar tafiya irin Kano zuwa Maiduguri da rana tsaka, ita ce ke shiga wannan hali. Maganinsa ƙaramin lagireto ne da mai zai riƙa bi ta cikinsa iska na hura shi, kuma tunda za a ja tiyo, sai a ɗauke filta daga lungun da take a kai ta inda hannu ke isa.

Kafin ka kashe ko sisi, sa agogon awon zafin mai ka yi tafiyar da ka saba. Idan bai wuce 110 ba, bar motarka yadda take. Wasu injinan ma sun zo da nasu mai sanyaya mai da ruwan lagireto, yana maƙale a gindin filta.

Mataki na farko, gano irin zaren da filtarka ke ɗaurewa a kai. Yawancin Toyota masu filtar gwangwani 3/4-16 ne, Honda da Nissan da Mitsubishi kuwa galibi M20x1.5. Ido ba ya bambance su da kyau. Na kuskure zai iya shiga ya yi kamar ya kama, sai mai ya yi ƙarfi ya tunkuɗo shi. Cire filtar ka tafi da ita kasuwa a gwada a gabanka. Mai filtar takarda da ake zurawa cikin gidanta, kamar wasu Camry na baya-bayan nan, sai ya nemi adafta ta musamman.

Kayan da za ka tara su ne farantin da zai zauna a tsohon gurbin filta mai ƙofa biyu, da sabon mazaunin filta, da tamostat na mai, da lagireton kansa mai layi 13 zuwa 19 gwargwadon girman injin, da tiyo mai lamba AN-10, wato faɗin cikinsa kusan milimita 16, tare da kawunansa. AN-8 na iya ɗaukar ƙaramin inji idan tiyon gajere ne. Lagireto na hannu kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa. Idan daga injin da ya buga aka ciro shi, ɓarɓashin ƙarfe yana nan a lungunansa, wanki da fetur ba ya fitar da shi duka, kuma cikin injinka zai ƙare.

Batun tamostat yana son a tsaya a kansa, don kanikawanmu da yawa sun saba cire na ruwa su jefar, suna cewa ai ƙasarmu ba ta sanyi. Na mai yana buɗewa ne wajen digiri 80. Kafin nan sai ya mayar da man cikin inji kai tsaye, ba tare da ya zagaya lagireto ba. In babu shi, da asubar hunturu man zai daɗe da kauri, danshin da ke taruwa a ciki ba zai ƙone ba, kuma matsin mai sanyi yana iya fasa lagireton.

Na biyu, zaɓi wuri. Lagireton mai yana zama ne a gaba, bayan bamba, inda iska ke bugowa. Ka matso da shi kusa da kwandansan AC ko lagireton ruwa yadda fanka za ta ja iska ta cikinsa ko a cunkoson gari, amma kada su taɓa juna. Bakunansa su kalli sama. In a kaikaice zai zauna, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don kada iska ta maƙale. A ɗaure shi a ƙarfe mai kauri da roba a tsakani, saboda alminiyom ba ya jure girgizar ramuka. Filta kuma ta rataya a tsaye, bakinta sama, nesa da salansa, da sarari a ƙasanta da za ka tara kwano ranar juye.

Na uku shi ne jan tiyo, kuma a nan injuna ke mutuwa. Mai yana shiga filta ta ƙananan ramukan da ke kewaye, ya fito ta babban ramin tsakiya. To ƙofar farantin da ke kawo mai daga famfon mai na inji ita za ta je mashigar filta. Daga mafitar filta a bi tamostat da lagireto, sannan a dawo ƙofar tsakiya ta faranti. In ka juya su, robar da ke hana mai komawa baya a cikin filta za ta toshe hanya, injin ya yi gudu babu mai. Ɗaura wa tiyon fita jan salatif tun kafin ka shigar da shi ƙarƙashin mota, don da ya bi ta bayan lagireto ba za ka ƙara gane wane ne wane ba.

Tiyon ruwa ko na fetur da kilif ɗin sukurudireba ba su da wuri a wannan aiki. Matsin mai da safe yakan kai 5 ko fiye a ma'aunin matsi na bar, kuma in tiyo ya zame, lita huɗun da ke cikin inji za su zube a titi kafin ka gama taka birki. Sayi wanda aka yi don mai mai zafi. Ka gajarta shi iya yiwuwa, ka guji lanƙwasa mai kaifi, ka bar masa ɗan sako-sako tunda inji yana motsi jikin mota kuwa ba ya yi. Ɗaure shi duk bayan taƙi ɗaya ko biyu, nesa da fanbel da taya. Bayan yanka, wanke cikinsa ka hura masa iska. Kan AN da bakinsa yake toshe yoyo, ba a naɗa masa farin tef.

Na ƙarshe, tayarwa. Cika filta da lagireton da mai kafin ka ɗaure. Za su ci ƙarin rabin lita zuwa lita ɗaya. Cire fiyus ɗin famfon fetur, ka yi ta murza ki na daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da fiyus ka tayar. Wani ya zauna yana kallon fitilar, kai kuma kana bin kowace mahaɗa da farin tsumma. Bari injin ya yi zafi har ka ji lagireton ya ɗumama a hannunka, alamar tamostat ya buɗe ke nan. Kashe, jira minti biyar, duba gejin mai ka cike gurbi. Bayan tafiyar farko ka sake bin kawunan da sufana, kuma duk ranar juye ka wanke ƙura da ƙwarin da suka toshe fuskar lagireton da ruwa marar ƙarfi.