Yadda Ake Mayar da Injin Motar Tsere Ya Koma Shan Etanol ko Metanol

Etanol da metanol nau'o'in sifirit ne da inji ke iya ƙonawa a madadin fetur. Lita ɗaya ta etanol ba ta kai lita ɗaya ta fetur kuzari ba. Kusan kashi biyu cikin uku take ɗauke da shi, metanol kuwa wajen rabi. Amma masu tsere na rububinsu, kuma suna da hujja. Na farko, suna jure matsi ba tare da sun kama da wuta kafin lokaci ba, domin lambar oktan ɗinsu, wato ma'aunin wannan juriya, ta haura 105. Na biyu, suna sanyaya iskar da ke shiga silinda. Ɗiga ɗan sifirit a bayan hannunka ka hura, sanyin da za ka ji shi ne abin da ke faruwa a cikin inji. Wannan ne ke ba ka damar ƙara matsin fistin, ka ƙara iskar turbo (na'urar da ke cusa wa inji iska), ka matso da lokacin tartsatsin fulogi. In ba za ka taɓa ko ɗaya cikin ukun nan ba, ka bar motarka da fetur ɗinta, don ba abin da za ka ƙaru da shi sai yawan zuwa shan mai.

Fara da zaɓen wanda za ka yi aiki da shi. Motar da ke hawa titi kullum, E85 ya fi dacewa da ita, wato gaurayen etanol da fetur. Metanol na filin tsere ne kawai. Da shi aka daɗe ana gasar Indianapolis 500 a Amurka bayan mummunar gobarar 1964 da ta ci direbobi biyu, har zuwa 2007 da aka koma etanol. Sai dai kada sunan E85 ya yaudare ka: a gidajen man Amurka, etanol ɗin da ke ciki na iya zama ko nawa daga kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanayi. Gwajinsa ba wuya. Akwai 'yar kwalba mai zane-zanen awo, ka zuba ruwa zuwa layin farko, ka cika da man, ka girgiza ka ajiye. Etanol zai bi ruwa ya kwanta ƙasa, fetur ya taso sama, inda suka rabu nan ne amsarka.

Daga nan sai hanyar mai, kuma a nan yawancin injuna ke gamuwa da ajalinsu. Fetur na buƙatar awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. E85 kusan 9.8 yake so, etanol zalla 9, metanol 6.4. Ma'ana, iskar da ta saba shiga tana nan yadda take, man ne zai ƙaru. Ga E85 ka lissafa ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ga metanol, ninki biyu da ɗoriya. Injektar da ke feso cc 550 a minti ɗaya za ta koma wajen 750 a kan E85, tun ma ba a yi maganar ƙarin turbo ba. Famfon mai da tiyo su ma sai sun girma, in kuma kafireta ce, a sauya mata jet. Idan man ya gaza a daidai lokacin da ka take totur har ƙasa, zafi ne zai hau kan fistin ya narkar da shi, kuma ba ya sallama.

Kafin ka zuba digo ɗaya, duba abin da man zai taɓa. Tsohuwar roba takan kumbura ko ta tsattsage, don haka a sa tiyo mai rufin PTFE a ciki, wato wata irin roba da waɗannan mayuka ba sa ci. Filtar takarda a maye ta da ta ragar ƙarfen da ba ya tsatsa. Metanol ya fi ɓarna, yana cin alminiyam da ba a rufe fuskarsa ba, da magneziyam da zinki. Etanol kuma yana da wata ɗabi'a: wanke tanki yake yi, ya kwaso dattin shekaru ya jibge a filta. A makonnin farko ka riƙa kwance ta kana dubawa.

Yanzu aka zo saiti. Ka ɗaura na'urar auna iskar salansa mai faɗin awo, ka sa ta riƙa nuna lamda, wato ma'aunin daidaiton iska da mai, ba lissafin fetur ba. Lamda 1 na nufin iska da mai sun zo daidai, ko wane irin mai ne, ka ga ba ruɗani. A injin turbo mai shan E85, masu saiti kan tsaya wajen 0.80 a cikakken totur, wato mai ya ɗan fi yawa. Mai za ka fara daidaitawa a ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, sannan tayimin, lokacin tartsatsin fulogi ke nan, digiri ɗaya-ɗaya, a kan na'urar gwajin ƙarfi. Ga tarkon: fetur kan yi ƙwanƙwasa ya gargaɗe ka, shi kuwa etanol sau da yawa shiru yake yi har ka wuce gona da iri. Da ka ga ka ƙara digiri amma ƙarfi bai motsa ba, koma baya. Ka sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya. In da hali ka haɗa sansar da ke gane yawan etanol, ƙwaƙwalwar ta riƙa gyara kanta duk lokacin da aka sha mai daban.

Da sanyin safiya motar za ta yi gardamar tashi, sai an ƙara mata man tayarwa a saiti. Wani ɓangare na man yakan silale ya gauraya da baƙin mai; in ka zaro sandar awo ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, juye shi nan take. Etanol da metanol duka suna zuƙar danshi daga iska, saboda haka jarka ta kasance a toshe. Mai amfani da metanol, da an gama tsere ya tsiyaye shi, ya tayar da injin da fetur na 'yan mintoci.

Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum, kuma yana ratsa fata, don haka safar hannu dole ce. Wutarsa ba ta ganuwa da rana. A 1981 ta kama direban tsere Rick Mears a wurin shan mai na gasar Indianapolis 500, yana ta fizge-fizge, na kusa da shi ba su ga harshen wuta ba. Ruwa mai yawa na kashe ta, saɓanin ta fetur, shi ya sa ake jera bokitai cike kafin a buɗe jarkar farko.