Yadda na gyara kalmar sirri mai canjawa a OpenShift

Kwana biyu abin nan yana ba ni ciwon kai wallahi a OpenShift, dandalin da ake tafiyar da manhajoji a kai. Duk sanda na yi oc process (umarnin da ke cike tamfulet, wato fayil ɗin tsarin manhaja) na tura, sai manhajar ta kasa shiga rumbun bayanai, wai kalmar sirri ba daidai ba. Ashe ni ne da laifi, na sa generate: expression (saitin da ke ƙirƙiro kalmar sirri da kansa) a cikin tamfulet, to kowace turawa sabuwar kalma yake ƙirƙirowa, shi kuwa Postgres, wato rumbun bayanan, ta farkon ya riƙe abinsa.

Sai na ware Secret ɗin, wato ma'ajiyar kalmar sirrin, na yi masa tamfulet nasa daban, sau ɗaya nake tura shi shikenan. Sauran saituna kuma daga wani fayil nake ba da su ta --param-file, fayil ɗin ba ya shiga Git, inda ake adana lambar manhaja. Na koma stringData ma, inda ake rubuta kalmar a Secret yadda take, na gaji da juya ta zuwa base64 (wani salon sauya rubutu) da hannu, dama can base64 ba ya ɓoye komai.