Yadda Ake Zaɓen Madabod Idan Za Ka Haɗa Kwamfuta

Kafin ka tura kuɗi Kano ko Legas a sako maka madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan cikin kwamfuta a kansa, a motar Gusau, fara tsayar da firosesan (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da za ka ɗora masa. Kowane firosesa da irin soket ɗin da yake zama a ciki. Ryzen 5 5600 na AMD yana hawa soket AM4, su Ryzen 7000 kuma AM5 da ya fito a 2022. Na Intel zubi na 12, 13 da 14 duk LGA1700 ne. In soket bai dace ba, ka yi asarar kuɗin mota kawai.

Sai ram, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. AM4 na cin ram irin DDR4, AM5 kuwa DDR5 kaɗai. A LGA1700 akwai mai wannan akwai mai wancan, don haka karanta jikin kwali da idonka.

Zaɓen girman allo ba ya cin lokaci: micro-ATX, mai santimita 24.4 kowane gefe, ya ishi yawancinmu, kuma yana shiga akwatin kwamfuta na babban allo, wato ATX. Ka dai tabbatar akwai gurbin M.2, inda ake sa SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne zafi. Dubi kewayen soket, za ka ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a jere, su ke tace wutar da firosesa ke sha. A allo mai kyau an rufe su da ƙarfe mai kauri da ke janye zafi, a mai araha kuwa tsirara suke. Wanda ya san ranar Afrilu a shago mai rufin kwano a Gusau ko Ƙauran Namoda ya san abin da nake nufi. Allo mara wannan ƙarfen, in an ɗora masa babban firosesa, gudunsa raguwa yake yi ana tsakiyar haɗa bidiyon biki. Ni dai gara allo samfurin B550 (na AM4) ko B760 (na LGA1700) mai ƙarfen da in biya kuɗin fitilu masu walƙiya.

Idan na hannu ne, haska soket da tocilan waya. A LGA1700 da AM5 allurai na jikin allo ne, ɗaya ta lanƙwashe ta isa ta hana shi tashi. Ka sa mai shago ya kunna a gabanka, ko ya turo bidiyo.

In kuma sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa, kafin ya karɓi sabon firosesa, kada ka fara sai kana kan UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe allon.